Me Ya Sa Kifin Salmon Ke Raguwa Duk da Dokokin Kamun Kifi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan masunta ne daga ƙasar Yawuri, yanzu ina karatun ilimin kifi. Na ji an hana masu sana'ar su kama kifin salmon a gaɓar Kalifoniya shekara uku a jere, an kuma hana kama wani nau'insa a Kogin Yukon har na tsawon shekara bakwai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waɗannan ƙasashe suna da kuɗi da masana da doka mai aiki. To me ya sa kifin ke ci gaba da raguwa? Laifin masunta ne ko na hukuma? Kuma ta yaya za a ce kifi yana ƙarewa alhali ga shi nan jibge a manyan kantunan Abuja da Legas?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne. An rufe kamun salmon na kasuwanci a tekun Kalifoniya a 2023 da 2024 da 2025, sannan a watan Afrilu na 2024 jihar Alaska da gwamnatin Kanada suka sa hannu a kan dakatar da kama nau'in Chinook mai haurawa Kanada ta Kogin Yukon har zuwa 2030. Tambayarka kashi uku ce, amma ta tsakiyar ita ce mai nauyi, wato wa ke da laifi. Ra'ayina shi ne hukumar kifi a ko'ina ba ta da iko sai a kan masunci da komarsa, alhali mafi yawan salmon ɗin da ke mutuwa yana mutuwa ne a wuraren da hannunta ba ya kaiwa, a bakin madatsar ruwa, ko a cikin kogin da ya yi zafi, ko can tsakiyar teku. Wannan bai wanke hukumomin ba, domin suna da nasu kurakuran, kuma zan zo kansu. Sai dai ba za a gane komai ba sai an fara sanin yadda kifin yake rayuwa.

Ana ƙyanƙyasar salmon ne a ƙananan ƙoramu masu ruwan sanyi da tsakuwa mai tsabta. Uwar kan haƙa rami a cikin tsakuwar da jelarta, ta zuba ƙwai dubbai, namiji ya barbare su, ta rufe. 'Ya'yan kan zauna a ruwan daɗi na wasu watanni ko shekara ɗaya ko biyu, gwargwadon nau'insu, sannan jikinsu ya sauya ya iya ɗaukar ruwan gishiri, su gangara teku. A can suke yin ƙiba, wasu shekara ɗaya da rabi, wasu huɗu ko biyar, daga nan su juyo su nemi bakin kogin da suka fito, su bi ƙanshin ruwansa har ƙoramar da aka ƙyanƙyashe su. Nau'o'i biyar na Tekun Fasifik da ake samu a Arewacin Amurka, wato Chinook da coho da sockeye da chum da pink, ba sa cin abinci a wannan hauhawar, kuma duk suna mutuwa bayan sun zuba ƙwai. Na Tekun Atlantika ne kaɗai wasunsu kan tsira su sake komawa teku.

Daga wannan rayuwa abubuwa biyu suke fitowa. Na farko, kifin yana buƙatar hanya a buɗe daga kan dutse har teku, sau biyu, da gangarowa da hauhawa, kuma matsala a ko wane zango ta isa ta karya lissafin. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa, kowane kogi da nasa kifin. Tun da kowane kifi gidansu yake komawa, zuriyar kowace ƙorama ta daɗe da dacewa da ita, ta san watan da za ta hauro, tana da kitsen da ya isa tafiyar, tana da jurewar zafin wannan ruwan. Idan zuriyar ta ƙare, ba a cike gurbinta da kifin wani kogi kamar yadda ake sayo wani buhun iri a kasuwa.

Abin da madatsu suka yi wa Kogin Columbia

Kogin Columbia, a arewa maso yammacin Amurka, shi ne misalin da aka fi nazari. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa da yawa, kifi miliyan 10 zuwa 16 ne ke haurowa cikinsa a kowace shekara. A yau abin yana tsakanin miliyan ɗaya da biyu a yawancin shekaru, kuma mafi yawansu ba haihuwar kogi ba ne. Masana'antun sa kifi a gwangwani sun fara raunata shi tun ƙarni na 19, wannan kam laifin kamu ne ba tantama. Amma abin da ya hana shi farfaɗowa madatsu ne. An kammala ta Bonneville a 1938 da matakalar kifi, wato jerin ƙananan kududdufai da kifi ke hawa ɗaya bayan ɗaya har ya tsallake bangon. Ta Grand Coulee kuwa, da aka kammala a farkon shekarun 1940, ba a yi mata wata hanyar kifi ba ko kaɗan, saboda haka duk zuriyar da ke haihuwa a samanta har cikin Kanada ta yanke. A 1957 ruwan madatsar The Dalles ya shanye gangaren Celilo, masuntar da 'yan asalin ƙasar suka yi shekaru dubbai suna su a cikinta. Sannan aka jera wasu huɗu a ƙasan Kogin Snake, wani babban reshen Columbia, ta ƙarshensu, Lower Granite, a 1975.

Mutane kan ɗauka babban kifi mai hauhawa shi ne ke shan wahala, alhali 'ya'yan da ke gangarowa sun fi shiga uku. A da ruwan narkewar ƙanƙara ne ke kwasar su ya kai teku cikin 'yan kwanaki. Yanzu kogin ya zama jerin tafkuna masu kwantaccen ruwa, tafiyar ta koma ta makonni, ruwan ya fi ɗumi, tsuntsaye da manyan kifaye na jiran su, wasu kuma su faɗa cikin injinan lantarki. Har ta kai ana ɗibar 'ya'yan kifin a jiragen ruwa da manyan motoci a tsallakar da su madatsun, kotuna kuma suka riƙa tilasta a saki ruwa ta saman bango a lokacin gangarowarsu, ko da kuwa hakan zai rage lantarki. Masana sun ce domin zuriya ta farfaɗo, ana so a cikin kowane ɗari da suka gangara, biyu zuwa shida su dawo suna manya. A Kogin Snake, shekaru da yawa ko ɗaya ba a cika samu ba.

Dubi sockeye ɗin Tafkin Redfish a jihar Idaho, wanda ke yin tafiyar kusan kilomita 1,450 daga teku, ya hau tudu na kusan mita 2,000, ya tsallake madatsu takwas. A 1991 aka sa shi cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa, a 1992 kuwa kifi ɗaya tak, namiji, shi ne ya iso tafkin. Ko da an ƙone komar duk wani masunci a wannan shekarar, da wuya adadin ya canza sosai. Kai da ka tashi a bakin Kainji ba sai an yi maka dogon bayani ba a kan yadda madatsa ke sauya kogi, haka ma masuntan fadamar Hadeja da Nguru sun ga abin da raguwar ambaliya ta yi wa kifinsu bayan an gina Tiga da Challawa. Bambancin shi ne kifinmu ambaliya yake bi zuwa fadama, salmon kuwa hawan kogi yake yi zuwa tsakuwa.

A kan wannan sai zafi ya ƙaru. Salmon kifin sanyi ne, idan ruwa ya haura digiri 20 yakan galabaita, cututtuka su kama shi, wani lokaci ya tsaya cak ya ƙi ci gaba. A bazarar 2015 kimanin sockeye 250,000 ne suka mutu a Columbia da rassansa kafin su kai inda za su zuba ƙwai.

Gidajen ƙyanƙyasa: magani mai ɓoye cuta

Da aka gina madatsun, alkawarin da aka yi wa jama'a shi ne za a biya asarar da gidajen ƙyanƙyasar kifi. A yau Amurka da Kanada da Rasha da Japan da Koriya ta Kudu suna sakin 'ya'yan salmon kusan biliyan 5 a Tekun Fasifik duk shekara. A nan ne nake da ɗan abin da na gani da idona. Lokacin da na je ƙaro karatu, na yi bazara guda ina taya aikin ƙirga kifi a wata matakala, inda ake zama a gaban gilashi ana kallon duk kifin da ya wuce. Akwai wata 'yar ƙaramar ƙaya mai tsoka a bayan salmon kusa da jela, wadda ake yanke wa ɗan gidan ƙyanƙyasa tun yana ƙarami domin a bambanta shi. Ranar farko na yi murna da yawan kifin da na rubuta. Da mai koya mini ta ce in koma in ware masu wannan ƙayar daga marasa ita, sai jikina ya yi sanyi, domin 'yan kogin na ainihi tsiraru ne a cikin ayarin. Tun daga ranar, duk wanda ya faɗa mini adadin kifin da ya dawo, sai na tambaye shi nawa ne haihuwar kogi.

Illar tana zuwa ta hanyoyi da dama. Kifin da aka raina a kwarmin siminti yana cin abincin da aka watsa masa bai koyi gudun maƙiyi ba, kuma bincike ya nuna idan ya haihu a kogi, 'ya'yansa ba sa rayuwa kamar na ɗan kogi. Idan suka yi barbara da juna, sai raunin ya shiga zuriyar. Sannan yawansu yana sa a buɗe kamu sosai, komar kuwa ba ta tantance mai ƙaya da mara ƙaya. A teku kuma akwai gasar abinci, musamman daga nau'in pink wanda ya yi yawa ƙwarai a shekarun nan. Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe su gaba ɗaya. Da ba don an kwashi ragowar kifin Redfish an raina zuriyarsu a hannu ba, da yanzu sai labari. Akwai kuma ƙabilun 'yan asalin Amurka irin su Yakama da Nez Perce da Umatilla da Warm Springs, waɗanda yarjejeniyoyin 1855 suka tabbatar musu da haƙƙin su, kuma a wurare da yawa kifin ƙyanƙyasa ne kaɗai ya rage musu.

Inda hukumomi suka yi kuskure

Kuskure mafi daɗewa shi ne barin a kama kifin a teku, inda zuriyoyin koguna da dama ke cakuɗe. A ce garke ɗaya ya haɗa kifin kogi mai ƙarfi da na kogi mai rauni. Idan aka yanka adadin kamu daidai da abin da mai ƙarfin zai iya ɗauka, mai raunin zai ƙare a hankali ba tare da jimillar ta nuna komai ba. Kamu a bakin kogi ko a cikinsa ya fi sauƙin sarrafawa, domin an san kifin wa ake ɗiba. Yarjejeniyar salmon ta 1985 tsakanin Amurka da Kanada an yi ta ne saboda wannan rikici, ganin cewa masuntan kowace ƙasa suna tare kifin da aka haifa a kogunan ɗayar.

Na biyu shi ne dogaro da hasashe. A 2009 an yi hasashen sockeye sama da miliyan 10 za su dawo Kogin Fraser a Kanada, sai kimanin miliyan ɗaya da rabi suka zo. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Bruce Cohen. Yana cikin aiki, a 2010, kusan miliyan 28 suka cika kogin, adadin da ba a ga irinsa ba cikin kusan shekara ɗari. Rahoton da ya fito a 2012 ya ba da shawarwari 75, amma ya bayyana cewa babu wani dalili guda ɗaya da za a ɗora wa abin. A 2020 kuwa waɗanda suka dawo ba su kai 300,000 ba. A nan ilimin namu yake da iyaka, kuma ya kamata ɗalibi ya san haka tun da wuri. Muna iya ƙirga kifi a kogi da na'urar amsa kuwwa ko ta gilashi, amma shekarun da yake yi a teku, musamman watannin farko da ya fi mutuwa, ganinmu a kansu kaɗan ne. Shi ya sa na fi amincewa da tsarin Alaska, inda ake fara yanka adadin iyayen da dole su wuce zuwa wurin haihuwa, ana ƙirga su kullum a lokacin hauhawa, ba a buɗe kamu sai an ga za a cika wannan adadin.

Na uku bai cika fitowa a labarai ba. A wurinmu ƙorafin shi ne kalli mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi. A can kuwa shekaru da yawa an yi amfani da koma mai manyan idanu wadda ke zaɓe mafi girman Chinook, kuma manyan mata su ne masu ƙwai da yawa, masu haƙa rami mai zurfi. Yanzu kifin yana dawowa da ƙarancin shekaru da ƙarancin jiki, saboda haka ko adadin iyaye ya cika, adadin ƙwai bai cika ba.

Yukon da Bristol Bay

Idan ka ɗauka madatsu ne kaɗai matsalar, Yukon zai gyara maka tunani. Kogi ne mai tsawon fiye da kilomita 3,000, madatsa ɗaya ce a kan gangarsa, can sama a Whitehorse, kuma babu manyan birane ko gonaki a gefensa. Duk da haka Chinook ya rushe, a 2021 kuma chum ya bi shi, har aka hana ƙauyukan 'yan asalin yankin kamun abincin da suke busarwa su ci a lokacin sanyi. Yarjejeniyar Alaska da Kanada ta 2024 tana neman kifi 71,000 su tsallaka iyakar Kanada a shekara, alhali a 2022 da 2023 waɗanda suka tsallaka ba su kai 16,000 ba a kowace shekarar. Dalilan da masana suka fi nunawa su ne ɗumamar Tekun Bering, da zafin kogin kansa, da wata cuta mai cin zuciyar kifi da ake kira Ichthyophonus.

Mutanen ƙauyukan suna da wani ƙorafi mai ƙarfi. Manyan jiragen da ke jan taru suna kama kifin pollock a Tekun Bering sukan haɗa da salmon bisa kuskure, a 2007 Chinook fiye da 120,000 suka kama ta haka, sai a 2011 aka sa musu iyaka. Gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna kaɗan ne daga ciki 'yan Yukon, kuma wannan kamun shi kaɗai ba zai bayyana rushewar ba. Na yarda da wannan lissafin. Amma ban ga yadda za a gamsar da tsohuwar da aka hana ta kama kifi goma domin 'ya'yanta ba, alhali jirgin kamfani yana da izinin kashe dubbai. Dokar da jama'a suka ga ba ta yi adalci ba, wuyar tsarewa gare ta, kuma na ga irin haka a tafkunanmu duk lokacin da aka ƙwace komar talaka aka bar dumbar mai ƙarfi, wato shingen tarkunansa da ke tare hanyar kifi.

A jihar Alaska ɗin kuma, a Bristol Bay, sockeye kimanin miliyan 79 suka dawo a 2022, adadi mafi yawa da aka taɓa rubutawa. Babu madatsa, babu gidan ƙyanƙyasa, tafkuna da ƙoramu suna nan yadda Allah ya yi su, ana kuma kamu sosai duk shekara. Ɗumamar da ke kashe Chinook a Yukon ta zo wa wannan nau'in daidai a yanzu, domin 'ya'yansa suna saurin girma a tafkunan da suka ɗan rage sanyi. Ƙarfin wurin yana cikin yawan zuriyoyinsa, idan wata ta yi ƙasa wata sai ta yi sama.

Kifin kanti

Wanda kake gani a Abuja da Legas galibi salmon ɗin Atlantika ne na kiwo, wanda ake rainonsa a kejin raga a cikin teku, kuma ƙasar Norwe ita ce ke samar da kusan rabin na duniya. Yawansa bai ce komai ba game da ɗan kogi, kamar yadda yawan tarwaɗar kiwo a kasuwa bai nuna lafiyar Kogin Kwara ba. Hasali ma kiwon yana cutar da ɗan kogin, domin ƙwarƙwatar teku tana hayayyafa a kejin ta kama 'ya'yan kifin da ke wucewa, waɗanda suka tsere daga keji kuma su shiga kogi su gurɓata zuriya. A Disamban 2023 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa salmon ɗin Atlantika cikin jerin masu kusantar barazana, bayan ya ragu da kashi 23 cikin ɗari tsakanin 2006 da 2020, a Yunin 2024 kuma Norwe ɗin kanta ta rufe kamu a koguna 33.

Abin da ake iya yi

Hana kamu yana sayen lokaci ne, kuma idan iyaye sun yi ƙaranci babu makawa sai an yi shi. Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne buɗe hanya. An rushe madatsu biyu na Kogin Elwha a jihar Washington tsakanin 2011 da 2014, kifi ya koma sama, ko da yake farfaɗowar ta fi yadda aka zata jinkiri. A Kogin Klamath, wanda ke ratsa Oregon da Kalifoniya, inda manyan kifaye aƙalla 34,000, galibinsu Chinook, suka mutu a 2002 bayan an karkatar da ruwa zuwa gonaki, ƙabilun Yurok da Karuk sun yi shekara ashirin suna fafutuka har aka kammala cire madatsu huɗu a Oktoban 2024. Madatsun Kogin Snake sun fi wuyar cirewa, domin suna ba da lantarki mai yawa, suna kuma ba jiragen dakon alkama hanya har garin Lewiston. An ƙulla wata yarjejeniya a Disamban 2023 tsakanin gwamnatin tarayya da ƙabilu huɗu da jihohin Oregon da Washington domin nazarin abin da zai maye gurbin waɗannan amfanoni, sai gwamnatin Trump ta janye daga cikinta a Yunin 2025. Ka ga wannan hukunci ba a ofishin hukumar kifi aka yanke shi ba.

A Klamath ɗin, tun cikin watan da aka gama aikin aka ga Chinook sun haura zuwa ƙoramun jihar Oregon, wuraren da suka fi shekara ɗari ba su taka ba. Ganin iyaye sun wuce mataki ne na farko kawai. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe daga wannan ƙwan za su fara dawowa da yawa ne a 2027 da 2028, kuma adadinsu a waɗannan shekarun shi ne ya kamata ka sa wa ido.